Doka kafin dogo: Wa ke da ikon shata ƙa'idojin jirgin ƙasa na cikin gari?

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa na cikin birnin Legas daga Marina zuwa Mile 2 ya san ba a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a bakin ƙofa, sai da katin Cowry ake wucewa. Akwai kuɗin da aka yanka wa tafiyar, akwai inda aka yarda fasinja ya tsaya da inda aka hana shi, akwai kuma shingen da ba a yarda mai talla ko mai tafiya a ƙasa ya tsallaka ba. Mafi yawan waɗannan sharuɗɗa ba 'yan majalisa ne suka zauna suka kaɗa musu ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya ba. A ofisoshin hukumar sufuri da na gwamnatin jiha aka tsara su, amma suna hawa kan kowa.

Wannan ya sa tambayar da ke gabanmu ta wuce ta masana shari'a kaɗai. Ta shafi ɗan kasuwar da rumfarsa ke bakin hanyar da za a shimfiɗa dogo, ta shafi ma'aikacin da zai riƙa hawa jirgin safe da yamma, ta kuma shafi jami'in da za a ɗora wa aiwatar da ƙa'idar. Daga ina hukumar sufuri ta jiha ko ta birni take samun ikon kafa ƙa'ida? Ina iyakar ikon? Idan kuma ta wuce gona da iri, wa zai taka mata birki?

Yadda al'amarin yake kafin 2023

Tun da dogo ya iso Kano a 1911, jirgin ƙasa a Najeriya abin gwamnatin tsakiya ne. A 1955 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC. Dokar ta damƙa mata tafiyar da jiragen, ta ba ta ikon yin ƙananan dokoki a kan tashoshi da taragu da kaya da fasinja, sannan ta hana kowa shimfiɗa dogo ko gudanar da jirgi domin jigilar jama'a sai da amincewarta. Ke nan hukuma guda ce mai jirgi, ita ce kuma mai ba wa wani izinin ya yi gogayya da ita.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ƙara ɗaure wannan tamau, domin ya sanya jiragen ƙasa a cikin jerin abubuwan da suka keɓanta ga Gwamnatin Tarayya, tare da irin su tsaro da kuɗin ƙasa da kwastam. Majalisar dokokin jiha ba ta da hurumin yin doka a kan abin da ke cikin wannan jeri.

Legas ta ɗanɗani kuɗar wannan tsari tun da wuri. Gwamna Lateef Jakande ya aza harsashin jirgin cikin birni a 1983, amma gwamnatin soja ta soke aikin a 1985. Sai da aka yi kusan shekara 40 kafin mutanen birnin su hau jirgin da jiharsu ta gina.

Gyaran da ya buɗe ƙofa

A ranar 17 ga Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan jerin gyare-gyaren tsarin mulki guda 16. Ɗaya daga ciki ya cire jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da suka keɓanta ga tarayya, ya mayar da su jerin haɗaka, inda tarayya da jihohi kowa ke da hurumin yin doka. A rukunin gyaran ne kuma aka sassauta wa jihohi a kan wutar lantarki da gidajen gyaran hali.

Rabon da aka yi a taƙaice shi ne: Majalisar Tarayya ce ke da ikon yin doka a kan dogon da ya ratsa daga jiha zuwa jiha da kuma hukumar ƙasa mai sa ido a kan harkar jiragen, ita kuwa majalisar jiha tana iya yin doka a kan shimfiɗa dogo da gudanar da jirgi a cikin iyakar jiharta. Sai dai akwai sharaɗin da ya kamata kowane gwamna ya riƙe. Sashe na 4 na tsarin mulki ya ce idan dokar jiha ta ci karo da ingantacciyar dokar tarayya, ta tarayya ce a sama, ta jihar kuma ta faɗi gwargwadon inda suka saɓa.

Abin lura a nan, gyaran tsarin mulki izinin yin doka kawai ya bayar. Bai kafa wa kowace jiha hukuma ba, bai yanka kuɗin tikiti ba, bai faɗi nisan da za a bari tsakanin dogo da shago ba. Wannan duka aikin da ya rage wa jihohi ne. An ga misalinsa a fannin lantarki: bayan dokar wutar lantarki ta 2023, sai da jihohi irin su Inugu da Ekiti da Ondo suka yi nasu dokokin, suka kafa nasu hukumomin, kafin a miƙa musu ikon sa ido a kan kasuwar wuta ta cikin gida a 2024.

Doka daban, ƙa'ida daban

Domin a fahimci batun sosai, sai an rarrabe abu biyu da bakin jama'a kan haɗa su wuri guda. Na farko ita ce uwar doka, wadda majalisa ke yi, gwamna ko shugaban ƙasa ya sa hannu. Na biyu su ne ƙa'idoji, ko ƙananan dokoki, waɗanda wata hukuma ko kwamishina ke fitarwa bisa ikon da uwar dokar ta ba su.

Dalilin wannan rabo a bayyane yake. Majalisa ba ta da lokaci ko ƙwarewar da za ta zauna ta tantance gudun da jirgi zai yi a kwana, ko awa nawa direba zai yi yana aiki kafin ya huta, ko bayan kwana nawa za a duba birki. Waɗannan abubuwa ne na injiniyoyi, kuma suna sauyawa da sauyin na'ura. Idan aka ce duk sai an koma zauren majalisa, aikin ba zai motsa ba. Saboda haka majalisa kan shata babbar da'ira, ta ce wa hukuma ta cike abin da ke ciki.

Amma aron iko ne, ba kyauta ba. Hukuma ba ta da ikon da ya wuce wanda aka rubuta mata, kuma abin da ta fitar yana da ƙarfin doka ne muddin yana cikin da'irar. Da zarar ta fita, kotu na iya rushe shi. Shi ya sa kalmomin sashen da ya ba da ikon suke da nauyi ƙwarai. Sashen da ya lissafa abubuwan da hukuma za ta iya yin ƙa'ida a kansu ɗaya bayan ɗaya, ya fi kare jama'a a kan wanda ya ce kawai ta yi duk abin da ta ga ya dace.

Darasi daga Legas

Legas ce jihar da ta fi kowace nisa a wannan fage, kuma ta fara ne da hukuma tun kafin jirgi. A 2002 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Sufurin Birnin Legas da Kewaye, wadda aka fi sani da LAMATA, da tallafin Bankin Duniya. A 2007 aka ƙarfafa dokar, a 2018 kuma jihar ta yi babbar dokar gyaran fannin sufuri wadda ta tattara hukumomin fannin a ƙarƙashin tsari guda. Kafin LAMATA ta taɓa jirgi, ta yi shekaru tana koyon aikin a kan manyan motocin BRT, waɗanda suka fara zirga-zirga tsakanin Mile 12 da CMS a 2008.

Shuɗin Layi, wato Blue Line, shi ne na farko. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina zangon farko mai tsawon kilomita 13 da tashoshi 5 daga Marina zuwa Mile 2, aka ƙaddamar da shi a Janairun 2023, ya fara ɗaukar fasinja a ranar 4 ga Satumba 2023. Idan an kammala, zai kai Okokomaiko, kilomita 27 ke nan. Wannan layi na jihar ne tun daga tushe, yana kan hanyarsa shi kaɗai, kuma da lantarki yake tafiya. Wutar na bi ne ta wani ƙarfe na uku da ke gefen dogon, wanda taɓa shi na iya kashe mutum nan take. Don haka hana tsallaka shingen wannan layi batu ne na rai da mutuwa, kuma dole a samu wanda doka ta ba ikon hanawa da hukuntawa.

Jan Layi, wato Red Line, labarinsa daban ne. Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da zangonsa na farko mai kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo a ranar 29 ga Fabrairu 2024, ya fara jigilar kuɗi a Oktoban shekarar. Wannan jirgi yana bin hanyar dogon NRC ne da ta tashi daga Legas zuwa Ibadan, bisa yarjejeniyar amfani da layi. Bugu da ƙari, Agbado tana cikin Jihar Ogun. Ga jirgin jiha, a kan dogon tarayya, yana kuma taka ƙasar wata jihar. Wa zai tsara wanda zai fara wucewa idan jirgin Ibadan da na cikin gari suka haɗu? Ƙa'idar wa za a bi wajen ba da sigina? Idan aka kama mai laifi a tashar da ke wajen Legas, a kotun wace jiha za a gurfanar da shi? Irin waɗannan tambayoyi ba ƙa'idar hukuma guda ke warware su ba, sai da yarjejeniya a rubuce tsakanin ɓangarorin.

Wani abin da ke nuna cewa tsohon tsari bai gama kaucewa ba shi ne, ko bayan gyaran tsarin mulki, hukumar NRC ce ta ba Legas lasisin gudanar da layukan nan biyu a 2024. Dokar 1955 ta riga gyaran da shekara 68, kuma ba a rubuta ta da tunanin wata rana jiha za ta mallaki jirgi ba.

Inda ƙa'ida ke taɓa aljihu da rumfa

Wuri huɗu ne talaka ya fi jin nauyin wannan iko.

Na farko kuɗin tikiti. Lokacin da Shuɗin Layi ya fara aiki, an sanar da Naira 750 a matsayin kuɗin tafiya daga farko zuwa ƙarshe, amma fasinjoji suka riƙa biyan rabi saboda rangwamen da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya yi wa motoci da jiragen gwamnati bayan cire tallafin man fetur. Daga baya aka rage rangwamen. Wannan na nuna cewa farashi yana tsakanin lissafin hukuma da shawarar siyasa. Idan ya yi ƙasa da yawa, ba za a samu kuɗin gyara da sayen kayayyakin maye ba, jirgin ya lalace. Idan ya yi sama, waɗanda aka gina shi dominsu su koma wa tsohuwar hanya. Ma'aikacin da ke zuwa ofis kwana 22 a wata, zuwa da dawowa, ƙarin Naira 100 a kan tikiti na nufin Naira 4,400 a wata. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Dokar kirki takan fayyace wanda ke da ikon ƙara kuɗi, da ma'aunin da zai bi, da tsawon sanarwar da za a ba jama'a kafin ƙarin ya fara aiki.

Na biyu fili da wurin sana'a. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke takardar mallaka domin amfanin jama'a, tare da biyan diyya a kan gine-gine da amfanin da ke kai. Sashe na 44 na tsarin mulki ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba mai dukiya damar zuwa kotu. To amma duk wanda ya san kasuwanninmu ya san yawancin masu nema a bakin hanya ba su da takardar mallaka. Akwai ɗan haya a shago, akwai mai tebur, akwai mai kura, akwai mai shayi. Ko za a lissafa da su wajen ƙidayar waɗanda aikin ya shafa, ko za a ba su wani wurin, ko za a fifita su wajen rabon shagunan sabuwar tasha, duk wannan yawanci a cikin ƙa'idoji da tsare-tsaren hukuma ake yanke shi. Haka kuma faɗin filin da za a keɓe a gefen dogo. Bambancin 'yan mitoci a takarda na iya zama bambanci tsakanin layin shaguna ya tsira ko a rushe shi.

Na uku kaya. Jirgin cikin gari an fi tsara shi domin mutane, amma birane irin namu na 'yan kasuwa ne. Ƙa'idar da ta ce ba a shiga da ƙunshin da ya wuce girma kaza, ita za ta nuna ko mai sarin atamfa ko takalma zai amfana da jirgin ko kuwa kallo zai bi shi da shi. Ana iya keɓe tarago ko wasu sa'o'i domin masu kaya, idan an ji ta bakinsu tun kafin a sayo taragun.

Na huɗu tara da kamu. Mutanen Kano sun san yadda hukumar kula da zirga-zirga ke shiga rayuwar yau da kullum tun da aka kafa KAROTA a 2012, sun kuma ga yadda hana acaɓa a 2013 ya sauya fasalin sufurin birnin baki ɗaya. Hukumar jirgi ma za ta zo da jami'anta da rasiɗanta. A nan tsarin mulki ya yi magana a sarari. Sashe na 36 ya ce ba za a hukunta mutum a kan laifi ba sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka, kuma ya lissafa ƙananan dokokin da aka yi a ƙarƙashin wata doka a cikin abin da ake nufi da rubutacciyar doka. Ma'ana, sanarwar baki ko allon da aka kafa a tasha ba su isa su ƙirƙiri laifi ba, sai suna da madogara a doka.

Wa zai sa ido a kan mai jirgi?

Babban haɗarin da ke tattare da wannan iko shi ne hukuma guda ta zama ita ce mai gini, ita ce mai gudanarwa, ita ce mai rubuta ƙa'idar kiyaye haɗari, ita ce kuma mai binciken kanta idan an yi ɓarna. Ba a ba kura ajiyar nama. Hukumar da ake matsa wa ta buɗe layi kafin ranar da gwamna ya yi alƙawari, da wuya ta tsayar da kanta saboda wani gwajin birki bai kammala ba.

Amurka ta koyi wannan da tsada. A ranar 22 ga Yuni 2009 jirage biyu na cikin birnin Washington suka yi karo, mutum 9 suka mutu. Akwai kwamitin da aka ɗora wa sa ido a kan lafiyar jiragen a lokacin, amma ba shi da haƙoran cizo, shawara kawai yake bayarwa. A 2012 majalisar ƙasar ta ba hukumar sufurin jama'a ta tarayya ikon kafa ƙa'idojin kiyaye haɗari. Da hayaƙi ya turnuƙe wani jirgi a ƙarƙashin ƙasa a Janairun 2015, mace guda ta rasu, sai hukumar tarayyar ta karɓi sa idon da kanta, har zuwa 2019 da aka miƙa shi ga sabuwar hukuma mai zaman kanta, wadda ke da ikon dakatar da jirgi ko rufe layi.

A Landan an rarraba aikin ne gida-gida. Hukumar sufurin birnin, wadda aka kafa a 2000, ita ke gudanar da jiragen ƙarƙashin ƙasa, tana kuma yin ƙananan dokoki a kan halayyar fasinja, amma sai ministan sufuri ya tabbatar da su kafin su fara aiki. Magajin gari ne ke yanke kuɗin tikiti, shi kuwa zaɓaɓɓe ne da jama'a za su iya kayarwa. Wata hukumar ƙasa daban ce ke sa ido a kan kiyaye haɗari, wata ke binciken haɗurra, wata kuma ke sauraron koken fasinjoji. A Honolulu ta jihar Hawaii masu zaɓe ne da kansu suka amince da kafa hukumar gina jirgin birnin a 2010, sannan a 2016 suka sake kaɗa ƙuri'a suka cire gudanar da jirgin daga hannunta suka mayar wa sashen sufuri na birnin, suka bar ta da gini.

A nan gida an ɗan taka mataki. Dokar 2022 ta kafa Hukumar Binciken Haɗurra ta Najeriya, NSIB, wadda hurumin bincikenta ya haɗa da jiragen sama da na ƙasa da na ruwa. Amfanin irin wannan hukuma ya fito fili a ranar 9 ga Maris 2023, lokacin da jirgin ƙasa ya yi awon gaba da motar ma'aikatan Jihar Legas a wata mahaɗar dogo da titi a yankin Ikeja, aka yi asarar rayuka, da dama suka jikkata. Mahaɗa irin wannan ita ce inda ikon mai dogo da na mai titi ke haɗuwa, kuma inda iko biyu suka haɗu ba tare da rubutaccen rabo ba, kowa kan zaci ɗaya ne zai kula. Aikin Jan Layi ya zo da gadojin sama a wurare irin su Ikeja da Yaba da Oyingbo da Mushin domin raba mota da jirgi. Sai dai bincike bayan haɗari daban, sa ido na yau da kullum kafin haɗari daban. Wannan na biyun shi ne giɓin da dokokin tarayya da na jihohi ya kamata su cike.

Matakan da ke kare jama'a

Ba hana hukuma iko ne mafita ba, domin hukumar da ba ta da ikon kafa ƙa'ida ba za ta iya tsawata wa ɗan kwangila ko kamfanin da ke tuƙa jirgin ba. Mafita ita ce a ba ta ikon tare da linzami. Akwai matakai da aka jarraba aka ga amfaninsu.

Akwai jin ta bakin jama'a kafin a zartar. A Amurka dokar 1946 ta wajabta wa hukumomin tarayya su buga daftarin ƙa'ida, su ba da lokaci a kawo ra'ayi, kafin su fitar da ta ƙarshe. Mu ma muna da samfurinsa: dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar NCC ta gudanar da bincike na jin bahasi kafin ta kafa ƙa'ida. Babu abin da zai hana majalisar jiha ta sanya irin wannan sharaɗi a dokar jirginta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ƙungiyar 'yan kasuwa ta fi kowane injiniya sanin ƙarfe nawa kasuwa ke cika da ta wace ƙofa kaya ke shiga.

Akwai bugawa da yaɗawa. Ƙa'idar da ke kulle a durowar ofis tarko ce. A buga ta a gazet ɗin gwamnati, a sanya ta a intanet, a fassara ta da harshen da mutanen wurin ke ji, a karanta ta a rediyo. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe wa 'yan ƙasa hanyar neman takardun hukumomi, kuma wasu jihohin sun yi tasu.

Akwai mayar da ƙa'idar gaban majalisa, domin wakilan da suka ba da aron ikon su duba yadda aka yi amfani da shi, su soke abin da ya kauce. Akwai rufin tara, wato uwar doka ta faɗi iyakar abin da za a iya ci, kada hukuma ta mayar da tara hanyar tara kuɗin shiga. Akwai kuma wurin kai ƙara mai sauƙi da araha, domin wanda aka ci tarar Naira dubu biyar ba zai ɗauki lauya ya tafi babbar kotu ba.

Abin da ya rage wa Abuja da jihohin Arewa

Abuja tana da nata matsayin na daban. Ba ta da majalisar jiha, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, Ministan Babban Birnin Tarayya kuma ke tafiyar da mulkinta. An ƙaddamar da jirginta na cikin gari a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai a ranar 29 ga Mayu 2024, inda aka fara da ɗaukar fasinja kyauta. Shekara huɗu da jirgin ya yi a ajiye sun isa su nuna cewa gama gini ba shi ne gama aiki ba. Dole a san wanda ke da alhakin gudanarwa, da inda kuɗin gyara zai fito, da hanyar da za ta kai mutane tashoshin.

A Kano da Kaduna an daɗe ana batun jirgin cikin gari, gwamnatoci sun zo sun wuce da zane-zane da alƙawura. Yawancin muhawarar takan tsaya a kan bashi da ɗan kwangila da ranar aza harsashi. Kaɗan ne ke tambayar dokar da za ta riƙe aikin. Alhali birni irin Kano, inda kasuwannin Kwari da Sabon Gari da Singa da Wambai ke cunkushe a tsakiya, kuma dogon tarayya ya riga ya ratsa gari, duk tambayoyin da Legas ta ci karo da su suna nan suna jira: rabon iko da NRC, mahaɗun dogo da titi, makomar masu tebur, da dangantakar jirgin da 'yan A Daidaita Sahu, waɗanda su ne za su kai fasinja tasha su kuma ɗauko shi.

Ga 'yan kasuwa, lokacin magana shi ne sa'ar da ƙudirin kafa hukumar yake gaban majalisar jiha, musamman ranar jin ra'ayin jama'a. A nemi kwafinsa, a duba sashen da ya ba da ikon yin ƙa'idoji, a tambaya ko akwai kujerar 'yan kasuwa da ta masu sufuri a hukumar gudanarwa, a kuma nemi a rubuta yadda za a yi da waɗanda ba su da takardar fili. Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na ma'aikatun shari'a da sufuri da filaye, su ne za su rubuta daftarin, su ne kuma za a kai ƙara idan ya zo da tangarɗa. Ƙa'idar da aka rubuta a gurguje domin a cim ma ranar biki, ita ce kotu ke rushewa bayan an kashe biliyoyi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dogon da aka shimfiɗa yau zai yi shekaru aru-aru yana nan inda aka sa shi, kuma dokar da aka kafa hukumarsa da ita za ta daɗe fiye da gwamnan da ya sa mata hannu. Jihar da ke son jirgi, ta fara da zama a kan wannan doka tun kafin katafila ta iso bakin kasuwa.